Katin Malaman Kiɗa Na Turai A Zamanin Da

A cikin manyan gidajen ajiye kayan tarihi na ƙasar Ingila akwai waɗansu akwatuna da ba kowane mai ziyara ne ya san da zamansu ba. Abin da ke cikinsu 'yan ƙananan takardu ne, waɗansu ba su kai tafin hannu ba, watau katin da masu sana'a suke bugawa suna rabawa jama'a don a san da su. Akwai na maƙera, da na maɗinka, da na masu sayar da ganyen shayi, har da na masu ƙera akwatin gawa. To, a cikin waɗannan tulin katuna akwai na malaman kiɗa, watau mutanen da suka ci abinci da koya wa 'ya'yan mutane kaɗa fiyano, ko gogen Turawa, ko busa sarewa, ko rera waƙa. Su ne za mu duba a wannan mako.

Mai karatu zai ce mene ne abin dubawa a jikin 'yar takarda mai layi uku ko huɗu. Amsa ita ce, mai kanti yana da kantinsa, kowa ya zo wucewa zai ga kayan da ya kasa, ya taɓa, ya taya. Amma malamin kiɗa ba shi da hajar da zai baje a gani. Abin da yake sayarwa yana cikin kansa da yatsunsa, kuma sai an yi shekara ana biyansa kafin a san ko yaro ya ƙaru. Saboda haka wannan kati shi ne kantinsa, shi ne allon ƙofarsa, kuma shi ne mai yi masa shaida a gidan da ba a taɓa ganinsa ba. Kowace kalma da ya sa a kai sai da ya auna ta, domin abincinsa a kanta ya rataya.

Asalin Katin

Tun cikin ƙarni na 17 'yan kasuwar Landan da Paris suka fara buga irin wannan takarda. A lokacin gidajen Landan ba su da lamba, kowane mai sana'a allo yake ratayewa a ƙofarsa mai hoton wani abu, kamar zaki ko garaya ko ƙaho, sai a ce wane yana zaune a alamar kaza, daura da majami'a kaza. Saboda haka katin farko-farko hoton wannan allo suke ɗauke da shi, tare da kwatancen hanya. Daga 1762 hukuma ta fara hana rataye allunan a kan titi, sa'an nan lambar gida ta yaɗu, kwatance ya gajarta.

Katin wancan zamani ba araha gare shi ba. Sai gwani ya zauna ya sassaƙa rubutu da zane a jikin farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda ɗaya bayan ɗaya. Malamin da ke koyar da 'ya'yan sarakuna da attajirai ne yake iya biyan wannan aiki. Har manyan mawallafan kiɗa sun yi kati. Joseph Haydn na ƙasar Ostiriya, wanda ya koyar da Beethoven daga 1792, da tsufa ya kama shi sai ya sa aka buga masa katin ziyara da 'yan layukan rubutun kiɗa daga wata waƙarsa mai magana a kan tsufa da ƙarewar ƙarfi, don duk wanda ya karɓa ya san halin da yake ciki. Ya rasu a 1809.

Abin da ya kawo kati hannun talaka shi ne sauyin da aka samu wajen ɗab'i. A wajen 1796 wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano hanyar buga rubutu daga jikin dutse mai santsi, wadda ta fi sassaƙar ƙarfe sauƙi. A 1837 aka yi rajistar hanyar bugu mai launi-launi a Faransa. Daga baya kuma aka ƙera ƙaramin injin da ake takawa da ƙafa, wanda mutum ɗaya zai buga ɗaruruwan kati da shi kafin azahar. A 1840 Ingila ta mai da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya, a 1861 kuma ta soke harajin takarda. Daga nan duk wata malama da ke ƙaramin gari tana iya zuwa maɗaba'ar unguwa ta sa a buga mata kati, ta aika gidajen da take sa rai.

A Amurka abin ya fi haka armashi. Bayan babban bajekolin da aka yi a Philadelphia a 1876, kati mai launi ya zama ruwan dare. Masu ɗab'i suna buga hotunan furanni da tsuntsaye da yara da yawa su ajiye, su bar fili a ƙasa, duk wanda ya saya sai a ƙara masa sunansa. Kamfanonin ƙera kayan kiɗa, irin su Estey na garin Brattleboro, suna raba nasu katin ta hannun dillalai. Yara kuwa suna tarawa suna mannawa a littafi, abin da ya sa da yawa suka tsira har yau.

Zamanin Fiyano

Ba za a gane yawan waɗannan katuna ba sai an san yadda fiyano ya shiga gidajen Turawa. Masanin tarihi Cyril Ehrlich ya kiyasta cewa a 1850 Ingila tana ƙera fiyano kamar 23,000 a shekara, amma a 1910 abin ya kai 75,000. Amurka kuwa ta ƙera fiye da 360,000 a 1909 kaɗai. 'Yan kasuwa suka fito da tsarin ɗaukar fiyano bashi a biya kaɗan-kaɗan cikin shekara uku, sai ga akawu da malamin makaranta da mai ƙaramin kanti kowa ya ajiye nasa a falo. A wancan lokaci babu rediyo, garmaho kuma bai yaɗu ba, wanda duk yake son jin kiɗa a gidansa dole wani a gidan ya iya kaɗawa. Bugu da ƙari, Turawan lokacin suna ganin budurwar da ta iya fiyano ta fito daga gidan mutunci, kuma za ta fi saurin samun miji.

To, kowane fiyano yana neman malami. Ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 1841 ta nuna makaɗa da malaman kiɗa ba su kai 7,000 ba, amma a ƙidayar 1911 sun haura 45,000. Ta fannin koyarwa kuwa, kafin ƙarshen ƙarni na 19 mata ne suka fi yawa. Dalili shi ne, sana'o'in da ake yarda 'yar gidan mutunci ta yi ba su da yawa. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ko 'yar da ba ta yi aure ba tana riƙe da tsohuwarta, tana iya koyarwa a falon gidanta ba tare da an ce ta zubar da girma ba. Makafi ma sun samu rabonsu, domin a 1872 an buɗe musu kwaleji a Landan wadda ta horar da su koyar da kiɗa da gyaran muryar fiyano.

Yadda Ake Karanta Katin

Abu na farko da mai lura zai gani shi ne, katin malamin kiɗa na Ingila yakan yi kama da katin ziyara na manyan mutane, fari fat, da rubutu mai lanƙwasa, ba hoto ba ado. Da gangan aka yi haka. A al'adar Turawan lokacin akwai tazara mai faɗi tsakanin baƙon da ake shigarwa ta ƙofar gaba da mai sana'ar da ake cewa ya zagaya ta baya. Malamin kiɗa yana tsakiya, yana zama a falo kusa da 'yar masu gida, amma kuma biyansa ake yi. Katin nan ƙoƙari ne na nuna cewa shi na ƙofar gaba ne.

Wannan ne kuma ya sa da yawa ba sa rubuta kuɗi a fuskar kati, sai su ce wanda yake son sanin sharaɗi ya tambaya. Maganar kuɗi a fili abin kunya ne gare su. Frédéric Chopin, wanda yake karɓar faran 20 a kowane darasi a Paris, ɗalibansa a kan kantar murhu suke ajiye masa kuɗin, ba sa miƙa masa a hannu. Da ya je Landan a 1848 gini ɗaya yake karɓa, watau fam ɗaya da sule ɗaya, lissafin da dattawanmu da suka yi ciniki kafin zuwan naira a 1973 za su gane. Amma wannan na manya ne. A ƙasan tsani akwai malamai masu karɓar sule, har da masu karɓar sisi, kuma saboda yawansu kowa yana karya wa ɗan'uwansa farashi. Yawanci a kan wata uku-uku ake yin jinga.

Abu na biyu shi ne laƙabi. Katuna da yawa suna ɗauke da sunan mutum, a ƙarƙashinsa an rubuta Farfesan Kiɗa. Kada mai karatu ya ɗauka jami'a ce ta naɗa shi. Babu dokar da ta hana kowa kiran kansa haka, saboda haka gwani na ainihi da wanda bai fi wata shida da fara koyo ba duk laƙabinsu ɗaya. Waɗansu kuma suna aron suna. Da yake ana ganin Italiyawa sun fi kowa iya waƙa, Jamusawa kuma sun fi kowa fiyano, sai mutum ya ɗan murɗa sunansa ya koma kamar na can. Wani shahararren mawaƙi ɗan ƙasar Ailan mai suna Foley da sunan Signor Foli ya yi tashe. Shi dai yana da muryar da ta riƙe sunan, amma ga da yawa kayan aro ne, wanda ba ya rufe katara.

Abu na uku shi ne salsala. Malami yakan rubuta cewa shi ɗalibin wane ne, ko ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Leipzig, wadda Felix Mendelssohn ya kafa a 1843, ko shi ne mai kaɗa ogan a majami'a kaza. Waɗansu suna ƙarawa da cewa suna zuwa makarantu, ko suna zuwa wani gari ran Talata da Jumma'a, ko suna gyaran fiyano, ko suna kiɗan biki. Wanda ya ga kati mai jerin ayyuka biyar ya san koyarwa kaɗai ba ta ciyar da mai shi.

Haruffan Bayan Suna

Da iyaye suka rasa yadda za su bambanta gwani da ɗan buga-buga, sai makarantun kiɗa suka shigo da jarrabawa. An kafa Royal Academy of Music a 1822, da Trinity College ta Landan a 1872, da Royal College of Music wadda aka buɗe a 1883. Trinity ce ta fara aika masu jarrabawa garuruwa a 1877. A 1889 sauran biyun suka haɗu suka kafa hukumar jarrabawa guda, wadda a zamanta na farko a 1890 mutum 1,141 suka shiga. Daga nan haruffa suka fara bin bayan sunaye a jikin kati, irin su LRAM, da ARCM, da ATCL, da FRCO ga masu kaɗa ogan. Sai kuma wani sabon layi ya bayyana, cewa ana shirya ɗalibai domin jarrabawa.

Wannan ya taimaki mata ƙwarai, domin wadda ba ta da kuɗin zuwa Jamus, ba ta kuma da wani babba da zai tsaya mata, tana iya cin jarrabawa ta sa haruffa uku ko huɗu da ba mai musunsu. Amma fa ba a daɗe ba waɗansu masu wayo suka buɗe nasu wuraren suna sayar da takardar shaida, da riga da hula irin ta jami'a, da haruffa masu kama da na gaskiya. Jaridun kiɗa na lokacin sun sha kuka a kan wannan. Uban da bai san kiɗa ba, ya ga haruffa huɗu a nan, huɗu a can, ina zai gane na ƙwarai?

Waɗannan haruffa sun iso har Ikko. T. K. E. Phillips ya yi karatu a Trinity daga 1911 zuwa 1914, ya dawo ya riƙe kiɗan babbar majami'ar Christ Church har 1962. Fela Sowande, wanda ya tashi a hannunsa, ya samu FRCO a 1943. Fela Kuti ma da ya tafi Landan a 1958 Trinity ya shiga.

Mutanen Da Ke Bayan Katin

Haruffa dai ba su ne gwaninta ba. Edward Elgar, wanda aka haifa a 1857 kusa da garin Worcester, ɗan mai kantin kayan kiɗa ne, bai taɓa shiga makarantar kiɗa ba. Shekara da shekaru yana yawo gari-gari yana koyar da goge, aikin da bai taɓa ɓoye cewa ba ya so ba. A 1886 a garin Malvern wata 'yar janar ɗin soja, Caroline Alice Roberts, ta zo koyon fiyano wurinsa, a 1889 suka yi aure, danginta suna ƙi saboda ɗan mai kanti ne. Sai a 1899 sunansa ya fito duniya, a 1904 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir, daga 1999 zuwa 2010 kuma hotonsa yana jikin takardar fam 20.

Akwai kuma 'yan asalin Afirka a cikin wannan sana'a. Joseph Emidy, wanda aka haifa a gaɓar Afirka ta Yamma wajen 1775, an sayar da shi bawa yana yaro, ya koyi goge har ya shiga ƙungiyar makaɗan gidan wasan Lisbon a Fotugal. A 1795 sojojin ruwan Ingila suka kama shi suka sa shi yi musu kiɗa a jirgi, sai a 1799 suka sauke shi a Falmouth. A nan da garin Truro ya zauna yana koyar da goge da sarewa da jita har ya rasu a 1835. Ya wallafa kaɗe-kaɗe da dama, amma ko ɗaya bai tsira ba. Abin da ya rage nasa shi ne tallan da ya sa a jaridu, da abin da wani ɗalibinsa ya rubuta a kansa, da dutsen kabarinsa.

Samuel Coleridge-Taylor, wanda ubansa likita ne ɗan Saliyo, ya yi suna tun yana ɗan shekara 23 da wata waƙa da ya wallafa a 1898. Amma ya sayar da ita ɗungurungum a kan gini 15, saboda haka duk dubban kofen da aka sayar bai samu kome a ciki ba, dole ya riƙa koyarwa a wurare da yawa don ya riƙe iyalinsa. Ciwon huhu ya kashe shi a 1912 yana da shekara 37. Ita kuwa Amanda Aldridge, 'yar shahararren baƙin ɗan wasan kwaikwayo Ira Aldridge, da ciwon maƙogwaro ya hana ta waƙa sai ta koma koyarwa a Landan, kuma Paul Robeson da Roland Hayes da Marian Anderson duk sun zauna gabanta. Ta rasu a 1956.

Waɗannan su ne waɗanda aka rubuta tarihinsu. Sauran dubban, musamman matan ƙananan garuruwa da suka yi shekara arba'in suna ƙirga wa yara bugu, ba mai littafi a kansu. Sau da yawa katin nan shi kaɗai ne shaidar cewa sun yi sana'a.

Da Kiɗa Ya Sauya

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Yaƙin duniya na 1914 ya sa ambaton Jamus a jikin kati ya koma abin gudu, har mawallafin kiɗa Gustav von Holst, wanda malami ne a makarantar 'yan mata ta St Paul's, ya cire kalmar von daga sunansa a 1918. Sa'an nan garmaho da faifai suka yi araha, BBC ta fara watsa shirye-shirye a 1922, sai ya zamana ana jin gwanayen duniya a ɗaki ba tare da kowa ya koyi kome ba. A 1927 silima mai magana ta fito a Amurka, cikin 'yan shekaru dubban makaɗan da ke kiɗa a gidajen silima suka rasa aiki, da yawansu suka faɗo koyarwa a daidai lokacin da ɗalibai suke raguwa. Sana'ar ba ta mutu ba, har yau ana koyarwa ana jarrabawa, amma zamanin da kowane layi yake da malamarsa ya wuce.

Waɗanda Suka Tara

Da ba don waɗansu mutane masu naci ba, da duk an share waɗannan takardu. Sarah Sophia Banks, wadda ta rasu a 1818, ta tara dubban kati da tikiti, suna nan a gidan tarihi na British Museum. Sir Ambrose Heal, mai kantin kujeru da gadaje a Landan, ya tara nasa, ya wallafa littafi a kansu a 1925, su ma suna can. John Johnson, shugaban maɗaba'ar Jami'ar Oxford, ya yi ta tsintar abin da mutane ke zubarwa, tarinsa ya koma laburaren Bodleian a 1968, kuma ya haura takarda miliyan ɗaya. A 1975 Maurice Rickards ya kafa ƙungiyar masu tara irin waɗannan takardu a Landan.

Masu wannan aiki suna da dabarun gane shekarun kati ko da ba a rubuta ba. Idan adireshin Landan yana da haruffan shiyya, to, bayan 1857 aka buga shi, idan kuma haruffan suna tare da lamba, bayan 1917 ne. Lambar tarho tana nuna ba a buga shi kafin wajen 1880 ba. Mai kaɗa ogan da ya rubuta FRCO bayan 1893 ya yi katinsa, domin a shekarar ne kwalejinsu ta samu izinin ƙara harafin R. Bayan kati ma abin dubawa ne, don a nan ake samun rubutun fensir na ranar darasi, ko kuɗin da aka yi jinga, ko bashin da ba a biya ba.

Saboda haka duk wanda ya ci karo da tsohon kati a cikin littafi ko adakar iyaye, na malamin kiɗa ne ko na tela ko na mai ɗaukar hoto, kada ya yi saurin jefarwa. Kada a manna shi da gam, kada a bar shi a rana ko inda danshi da gara za su same shi. A sa shi a ambulan mai tsabta, a rubuta a jikin ambulan ɗin inda aka samo shi da abin da aka sani game da mai shi, tun waɗanda suka san shi suna da rai.